Daga Talabijin ɗin Makaranta Zuwa Fuskar Wayar Malam

A 1964, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin. Da taimakon Faransa aka buɗe shirin Télé-Niger a Yamai, wanda daga baya ya kai azuzuwa ashirin da 'yan kai da ɗalibai wajen 800. Ana shirya gajerun darussa da Faransanci, a watsa, yara su kalla. Bayan an kashe akwatin, mai kula da aji, wanda galibi karatunsa bai wuce firamare ba, ya bi darasin da su daki-daki.

A shekarun farko shirin bai wuce kewayen Yamai ba. Yekuwa kuwa, a ƙasar Magarya kusa da iyakar Najeriya, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce daga can. Kayan aiki da ƙwararru sun ci kuɗi, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka mayar da hankali ga talabijin ta ƙasa, Télé Sahel.

Tsadar nan ce ta ragu da zuwan fasahar naɗar fuskar kwamfuta, wato a ɗauki duk abin da ke gudana a kan allonta tare da muryar mai bayani. A shekarun 1990 manhajar ScreenCam ta kamfanin Lotus ta fara yaɗa wannan aiki a ofisoshi. A 2006 Salman Khan ya soma ɗora darussan lissafi a YouTube a Amurka, ba a ganin fuskarsa, sai rubutu da murya. Wayoyin iPhone sun samu maɓallin naɗa a 2017, na Android 11 a 2020, shekarar da korona ta rufe makarantu.

Yau malami a Yekuwa ko Dungas zai iya rubuta rabon lissafi a wayarsa, ya yi bayani da Hausa, ya naɗa, ya tura wa iyaye ta WhatsApp ko Xender ba tare da ya jira Yamai ba.

Abin da nake so mu ɗauka daga tarihin nan shi ne aikin mai kula da ajin can. Darasin allo ya zauna a kan yara ne saboda wani babba ya tsaya ya tambaye su, ya gyara musu. Don haka, malamai, ku taƙaita bidiyo, minti biyar ya isa, batu ɗaya kacal. Ku rufe saƙonni kafin ku naɗa, kuma kada sunan yaro ko makinsa ya fito. Iyaye kuma, in kun miƙa wa yaro waya, ku zauna kusa, in ya gama ku ce ya ɗauko alli ya yi muku abin da ya gani.