Zumunta da Kiran Yau da Kullum a Ikilisiyoyin Arewa

Tarihin ikilisiyoyin Arewacin Nijeriya, kamar yadda ake koyar da shi a makarantun Littafi Mai Tsarki, jerin sunayen masu wa'azi ne. Ana farawa da Gowans da Kent da Bingham da suka sauka Legas a 1893, a zo kan Karl Kumm a Wase a 1904, da Dokta Miller a Zariya, da Kulp da Helser da suka yi sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Daga nan sai fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da kafa ECWA a 1954, da tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci a koyar da shi. Sai dai bai amsa tambayar da ta fi damuna ba: bayan mai wa'azi ya sauko daga mumbari ran Lahadi, me yake riƙe bangaskiyar manomi da tela da malamar asibiti har wata Lahadin?

Amsar da zan kare a wannan maƙala ita ce, abota ce take riƙe ta. A cikin abotar 'yan ikilisiya ne aikin mutum na yau da kullum yake samun masu ganinsa da masu tsawata masa da masu yi masa addu'a, har ya zama hidima ga Allah. Wurin da aka fi ganin haka a ƙasarmu kuwa shi ne Zumuntar Mata, ƙungiyar da shugabanni maza suka daɗe suna ɗauka a matsayin rumbu, ba a tuna shi sai za a ɗebi hatsi.

A bisa koyarwa, babu gardama. Ikilisiyoyin da suka fito daga mishan na SIM da SUM da 'Yan'uwa duk magada ne na Gyaran Ikilisiya, kuma tun a 1520 Martin Luta ya rubuta wa sarakunan Jamus yana musun cewa firist da ɗan zuhudu suna da wani matsayi na ruhaniya da ya ɗara na baduku ko maƙeri ko manomi. Sabon Alkawari ma cike yake da masu sana'a. Bulus ya zauna gidan Akila da Bilkisu a Koranti domin sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti. Tabita ta Yafa ba a ambaci wa'azinta ko ɗaya ba. Riguna ne da ta ɗinka gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka. Babin ƙarshe na Wasiƙar Romawa kusan dukansa gaisuwa ce ga mutane da sunayensu, mata da yawa a ciki.

A aikace kuwa, abin ya karkata. Mishan na SIM ya ɗora wa'azi bisa kome, kuma Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda mishan ɗin ya yi ta ja da baya wajen ba da ilimin boko mai zurfi, don gudun kada almajirai su bar aikin bishara su bi aikin gwamnati. Wannan tunani bai mutu ba. Har yau, saurayin da ya tashi a gaban jama'a ya ce zai tafi Kagoro ko Bukuru karatun fasto, za a kira shi gaba a ɗora masa hannu a yi masa baiko. Ƙanwarsa da ta gama karatun ungozoma za ta tafi wani ƙauye da babu wuta babu hanya, a sanar da tafiyarta tsakanin sanarwar ɗaurin aure da ta sharar majami'a. Ban ce a rage wa fasto daraja ba. Cewa nake, ikilisiyar da take koyar da firistancin dukan masu bi amma mutum ɗaya kawai take aikawa da addu'a, tana warware koyarwarta da hannunta.

Mata ba su jira an gyara wannan ba. Labarin da ake bayarwa kan asalin zumuntarsu a ECWA yana komawa Miango ne a ƙasar Filato, wajen 1930, inda wata mata ta kusa rasa ranta wurin haihuwa, sai 'yan'uwanta mata suka haɗa kuɗi domin a sami abin kai mara lafiya wurin magani. Abin lura a labarin shi ne tushen da matan suka zaɓa su tuna: naƙuda da karo-karo. Yau babu wata babbar ikilisiya a Arewa da ba ta da irin wannan ƙungiya, ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Lutaran, har da Katolika.

Sai mutum ya zauna a bayan majami'a ranar taronsu na mako, da la'asar, kafin ya gane abin da ake yi. Suna zuwa daga kasuwa da gona da makaranta, wata da goyo, wata da ragowar tumatirin da bai ƙare ba. Mai kaɗa tulu ta zauna ta sa shi tsakanin ƙafafu, masu caki suka kewaye ta, aka yi waƙa biyu ko uku. Aka karanta aya, wata ta yi bayani, sau da yawa wadda ba ta wuce aji shida ba. Daga nan uwar zumunta ta buɗe littafinta, nan ne ainihin aikin yake. Wance ta haihu, wa zai kai ruwan zafi da kunu? Maman wane tana asibiti kwana huɗu, su wa za su kwana da ita? Gonar gwauruwar nan ciyawa ta cinye ta, Asabar da asuba kowa ta fito da fartanya. An lura wata ba ta zo ba mako uku, aka tura mutum biyu su je su ji lafiya, aka kuma ja musu kunne kada su dawo da maganar gidan mutane. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A nan har rubuta sunayen masu ƙafar ake yi.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda sana'a take shiga cikin wannan zance. Mai awo da aka ji tana buga gindin mudu, ba fasto ba ne zai fara jin labari, ƙawarta ce ta zumunta, kuma ita ce za ta ja ta gefe ta ce mata: “Maman Rahila, wannan mudun naki ba zai bar ki ki yi addu'a ba.” Malamar firamare da albashi ya yi wata uku bai fito ba, ta fara tunanin daina shiga aji, a nan za ta sami mai ba ta kwanon masara da mai tuna mata cewa yaran ba su ne suka riƙe kuɗin ba. Wa'azi yana iya faɗin cewa Allah yana ƙin ma'aunin zalunci. Amma wa'azi bai san mudun kowa ba. Aminiya ta sani, kuma tana da izinin magana domin ita ce ta kwana da ke a asibiti bara.

Wannan tsari ba daga Turai aka kawo shi ba. Wanda ya karanta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, zai ga yadda ƙawance yake da ƙa'idoji a tsakanin matan Hausa: ana ƙulla shi da sani, ana raya shi da biki, kowace ta kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna ko aure, a mayar mata da abin da ya fi idan nata ya zo. Gayya da adashi ma haka, kuma Birom da Bajju da Bura da Tangale kowa yana da irin nasa. Abin da ikilisiya ta ƙara shi ne faɗi. Harshen Hausa, wanda yawancin masu sujada da shi ba shi ne harshen iyayensu ba, ya zaunar da matar Margi kusa da matar Angas a benci ɗaya a Kaduna ko Sabon Garin Kano, ya mai da su ƙawaye ba tare da dangi ko gari sun haɗa su ba.

Akwai suka mai nauyi da ya kamata a saurara. Soren Kirkegad, masanin Danmak, ya yi gardama a 1847 cewa abota ƙauna ce mai zaɓe, mutum yana son wanda ya yi masa daɗi ne, alhali ƙaunar maƙwabci da Almasihu ya umarta ba ta zaɓe. Duk wanda ya zauna a ikilisiya ya san inda maganar take da gaskiya. Littafin nan na uwar zumunta yana iya rikiɗa ya koma littafin bashi: wadda ta saba kawo gudummawa mai tsoka, ranar rasuwar mijinta gida ba ya ɗaukar jama'a, wadda ba ta da abin bayarwa kuwa a tura mata wakilai uku. Zanen anko da aka ƙirƙiro don mai kuɗi da talaka su zama ɗaya, idan ana sauya shi kowane babban taro, shi ne zai hana talakar fitowa. A birane an raba sujada sashen Hausa da sashen Turanci, kuma kowa ya san rabon ba na harshe kaɗai ba ne. Ma'aikacin banki da mai gadin bankin suna ikilisiya ɗaya, ba su taɓa cin abinci tare ba. Lokacin zaɓen dattawa kuma, ƙabilancin da aka ce an bari a bakin ƙofa yakan shigo ya zauna a gaba.

Na yarda da duk wannan, ban yarda da inda sukar take kaiwa ba. Ƙaunar da ba ta san sunan kowa ba, ba ta kai wa kowa kunu. Yesu kansa, a daren da aka bashe shi, abokai ya kira almajiransa, kuma yana da gidan da yake sauka a Betanya. Nassi bai magance son kai na abota ta hanyar rushe abota ba. Lokacin da masu jin Helenanci suka yi ƙorafin ana tsallake gwaurayensu wurin rabon abinci a Urushalima, manzanni ba su soke rabon ba, sai aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci, aka danƙa musu aikin. Da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya, Bulus a gaban kowa ya tsawata masa. Ma'aunin da Luka ya rubuta a babi na 14, na gayyatar wanda ba zai iya ramawa ba, shi ne ya raba zumuntar ikilisiya da biki. Biki yana tafiya ne bisa ramawa, kuma ba laifi ba ne. Amma ikilisiyar da duk alherinta yake dawowa gare ta, adashi take yi da sunan Allah.

An gwada wannan ma'auni da wuta a 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoba Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Majami'u sun ƙone, fastoci sun watse tare da garkensu, duk wani tsari na ofis ya tsaya. Abin da bai tsaya ba shi ne mutanen da suka san juna. Gidaje a Yola da Jos da Abuja suka cika da baƙin da ba su da abin biya, ɗaki ɗaya mutum goma. Wanda yake da mota ya zama mai kwashe mutane, mai shago ya zama mai ba da bashi ba ranar biya, malamar asibiti ta mai da falonta wurin duba marasa lafiya. Babu wanda ya ɗora musu hannu kafin su fara.

A kan wannan ne nake ganin akwai gyara da ya wajaba a kan shugabanni. ECWA ba ta naɗa mata fastoci, kuma ba wannan muhawara nake buɗewa a nan ba. Amma ba sai an naɗa mace ba kafin majalisar dattawa ta zauna ta saurari uwar zumunta kan halin da jama'a suke ciki, maimakon a kira ta kawai idan za a dafa wa baƙi abinci ko ana neman kuɗin rufin kwano. Ɗalibin tauhidi da zai yi shekara huɗu yana koyon shirya wa'azi, ya kamata ya yi ko da zango ɗaya yana bin matan nan ziyara, ya rufe bakinsa ya kalla. Maza kuma, waɗanda zumuntarsu a wurare da yawa ba ta wuce taron kwamitin gini, suna da bukatar abin da matansu suke da shi. Direba da ɗan sanda da ma'aikacin kuɗi na ƙaramar hukuma suna fuskantar jarabar da ta fi ta mudu, kuma akasarinsu ba su da ko mutum ɗaya a ikilisiya da zai iya tambayarsu inda kuɗin sabuwar motar ya fito.

Saura maƙwabci Musulmi. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni sun rabu, yara suna tashi ba su da abokin wasa daga ɗaya addinin. Zumuntar da ta yi ƙarfi a ciki tana iya zama katanga a waje. Amma akwai shaidar cewa ba dole ba ne. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin 1992, sun ƙulla abota har suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. A Gurku kusa da Abuja, wani ma'aikacin EYN ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda Kirista da Musulmi suke zaune tare. A watan Yunin 2018 kuma, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa, mutanen da ya daɗe yana zaune da su. Majami'a ba ta haɗa Kirista da Musulmi, unguwa ma a garuruwa da yawa ta daina haɗa su. Abin da ya rage shi ne kasuwar hatsi da tasha da ɗakin haihuwa da ofis, wato daidai wuraren da ɗan ikilisiya yake aikinsa daga Litinin zuwa Asabar, waɗanda har yanzu ba a kiran kowa gaba ran Lahadi a yi masa addu'a kafin ya tafi can.