An Gama Ko Ba a Gama Ba? Tarihin Bibiyar Umarni Tsakanin Kwamfuta da Faifan Ajiya

Aike ba ya cika sai ɗan aike ya dawo ya ce saƙo ya isa. A ganina, babu inda wannan magana ta fi nauyi kamar cikin kwamfuta. A tsakiyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura akwai sashen da zan kira zuciyar manhaja, kuma a cikinta akwai ƙananan shirye-shirye da ake kira direbobi, masu isar da umarni ga faifan ajiya: rubuta wannan, karanto wancan. Bayar da umarnin ba wuya. Wuyar ita ce sanin lokacin da aka cika shi, domin a kan wannan sani ne ake shaida wa mutum cewa rubutunsa ya adanu ko kuɗinsa sun shiga asusu. Tarihin wannan tambaya nake son bi.

A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da RAMAC, mai fayafai hamsin da ke ɗaukar haruffa kimanin miliyan biyar. Matsalar da ke tattare da irin wannan na'ura a fili take: ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki da saurin lantarki, faifai kuwa ƙarfe ne mai juyawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙwaƙwalwar ta tsaya tana leƙen faifan, tana maimaita tambaya ɗaya har ta sami amsa. Hanya ce tabbatacciya, amma asarar lokaci ce. Maganinta shi ne kiran katsewa, dabarar da ta bayyana a shekarun 1950: ƙwaƙwalwa ta ci gaba da wani aiki, in na'ura ta gama ta aiko da alamar da za ta katse ta.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan zamani shi ne tsarin System/360 da IBM ya sanar a 1964. Masu tsara shi sun raba kammalawa gida biyu. Akwai alamar da ke cewa hanyar jigilar bayanai ta sauke nauyinta, akwai kuma wata daban da ke cewa na'urar kanta ta gama. Tun a lokacin an fahimci cewa karɓar saƙo daban, aiwatar da shi daban.

Muddin umarni ɗaya ne a hannun faifai, ba a bukatar tambayar wanne aka gama. Amma faifai ya fi kowa sanin inda allurarsa take, don haka in aka ba shi umarni da yawa, zai jera su yadda zai rage zirga-zirga. Ƙa'idar SCSI-2, wadda aka amince da ita a 1994, ta tanadi a liƙa wa kowane umarni lambar shaida. Daga nan amsoshi suka daina dawowa bi da bi. Na bakwai yana iya riga na farko, sai direba ya zama mai riƙe da littafin bashi, yana sanin lambar da ke waje da wadda ta dawo.

Fayafan SATA sun ɗauki wannan dabara da sunan NCQ, inda umarni 32 ke iya kasancewa a hanya lokaci guda. Akwai wani ɗan allo mai gurbi 32, kowane gurbi a kunne ko a kashe. Direba yana kunna gurbi in ya aika umarni, faifai yana sa a kashe shi in ya gama. Sai direban ya gwada allon da nasa lissafin: gurbin da ke kunne a wurinsa amma a kashe a allon, shi ne aikin da ya ƙare. In kuwa ya ga gurbi a kunne wanda bai aika da shi ba, to lissafi ya rikice, kuma direban Linux yakan ɗauki hakan a matsayin babban kuskure. Idan umarni ɗaya ya gaza, faifan yana watsar da sauran duka, sai direba ya karanta wani shafin rahoto ya gano mai laifin, sannan ya sake aika waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sabon tsarin magance irin wannan rikici, wanda Tejun Heo ya yi wa aiki, ya shiga Linux a 2006.

Akwai kuma shiru, wanda ya fi kuskure haɗari. Linux yakan jira daƙiƙa 30 kafin ya yanke ƙauna. To, me zai faru in amsa ta iso daidai lokacin da wa'adi ya cika? Ɓangarori biyu na manhajar za su kai hannu kan umarni ɗaya, ɗaya yana cewa ya cika, ɗaya yana cewa ya ɓata. In aka rufe shi sau biyu, ana iya ba wani sabon umarni lambarsa alhali tsohon bai saki ba, bayanan wani su faɗa wurin wani. Ƙa'idar da aka tsaya a kai ita ce: kowane umarni a kammala shi sau ɗaya tak.

Da ma'ajiyoyi marasa faifai mai juyawa suka zo, ma'auni ya sauya. Ƙa'idar NVMe ta 2011 ta ba da damar layuka har 65,535, kuma na'ura tana rubuta amsarta a layin kammalawa da ke cikin ma'adanar kwamfutar. Kowace amsa tana ɗauke da alama guda da ke juyawa duk lokacin da layin ya zagayo, da ita direba ke bambanta sabuwa da tsohuwa. A 2014 aikin Jens Axboe na rarraba layuka tsakanin ƙwaƙwalen kwamfuta ya shiga Linux. A 2016 kuma aka dawo da leƙe, domin na'urar ta yi saurin da jiran kira ya fi tsayawa a duba tsada. Abin da aka guje wa shekaru sittin da suka wuce ya sake zama hikima.

Duk da haka, bambancin da aka gane a 1964 yana nan. Faifai yana iya cewa ya gama alhali bayanan suna cikin ƙaramar ma'ajiyarsa ta wucin gadi, in aka ɗauke wuta su tafi. Shi ya sa ake da umarni na musamman da ke tilasta masa ya sauke komai a mazauninsa na dindindin kafin ya amsa. Abin da na koya daga wannan tarihi shi ne, sauri ya ninku fiye da ƙima, amma aikin direba bai canja ba: kada ya ce an gama sai ya san wane aiki ne, kuma wace irin gamawa ake nufi. Alƙawari kaya ne, ko da na'ura ce ta ɗauka.