Daga Littafin Haraji Zuwa Gajimare: Asalin Rumbun Takardu Da Na Dangantaka

Gardamar da ta tashi ranar zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ba ta kwanta ba har yau, kuma kusantowar zaɓen 2027 sai ƙara hura ta yake yi. Me ya sa sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC, na shugaban ƙasa ya ƙi, alhali na'ura ɗaya ce, rumfa ɗaya ce? Amsar da INEC ta bayar a rahotonta ita ce an tsara rumbun ne jiha-jiha. Mazaɓar tarayya ta Kebbe da Tambuwal tana ƙarƙashin Sakkwato, don haka takardarta ta san ɗakin da za ta shiga. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi, kuma takardar farko ba ta hau ba sai ƙarfe 8:55 na dare. Wasu sun gamsu, da yawa ba su gamsu ba. Ko wane ɓangare mutum yake, maganar ta fito da abin da ba mu cika tambaya ba: wace siffa ake ba bayananmu kafin a ɗora su a kwamfutocin haya na wasu ƙasashe, waɗanda ake kira gajimare?

Kafin Turawa, ƙasar nan tana ajiye sani ta hanya biyu. Akwai takarda, wasiƙa ce ko fatawa ko hukuncin alƙali, kowace cikakkiya a kanta, da tsawonta da hatiminta. Akwai kuma silsila, wato wa ya haifi wa, wa ya karanta a wurin wa. A 1812 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya ɗauki ilmi a hannunsu da abin da ya karanta wurin kowanne. Cikinsu akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi kuma ya karɓi ijaza daga Murtala az-Zabidi a Alƙahira. Sarautar Tambuwal kanta a kan irin wannan zare take tsaye, domin gidan yana komawa ne ga Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu.

Da Ingila ta ci Sakkwato a Maris na 1903 sai jadawali ya shigo. Malamin haraji ya ja layuka: suna, gari, yawan baligai, yawan shanu don jangali, kuɗin da aka biya. Tarin waɗannan takardu na Lardin Sakkwato yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Jadawali ya iya lissafi, wannan ba a musu. Amma ba shi da gurbin rubuta cewa wannan makiyayi damina a nan yake, rani a can, kuma shanun da yake kora rabinsu na surukinsa ne.

Kwamfuta ta gaji wannan siffa. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye komai a jadawalai masu haɗuwa ta lamba, kuma shekara arba'in tsarin yana mulki a bankuna da ma'aikatu. Har gobe shi ne daidai ga albashi da asusun ajiya.

Sai abubuwa suka zo a jere. A 2005 Damien Katz, wanda ya yi aiki a kan Lotus Notes, ya fara CouchDB. A 2006 Amazon ya buɗe hayar kwamfutocinsa ga kowa. A 2007 Neo4j ya fito daga Suwidin, a 2009 MongoDB ya biyo baya. CouchDB da MongoDB rumbunan takardu ne: duk abin da ya shafi mutum ɗaya ko ziyara ɗaya ana naɗe shi wuri guda, kuma ba dole takardar Larai ta yi daidai da ta Hassana ba. Idan ɗaya tana da 'ya'ya tara ɗayar ba ta haihu ba, kowace ta ɗauki abin da ya dace da ita. Neo4j kuwa rumbun dangantaka ne. Yana ajiye abu, yana kuma ajiye igiyar da ta haɗa shi da wani, har igiyar ma tana da sunanta da kwanan watanta. Lissafin da ke ƙarƙashinsa tsoho ne, tun 1736 da Leonhard Euler ya yi nazarin gadoji bakwai na birnin Königsberg. Daga baya manyan kamfanoni suka mayar da irin waɗannan rumbuna kayan haya: MongoDB Atlas a 2016, Cosmos DB na Microsoft a 2017, Neptune na Amazon a 2018, DocumentDB a 2019.

Masu ba da wannan tarihi yawanci sukan ce yawan bayanai ne ya haifi sababbin rumbunan, wato Google da Facebook sun tara abin da kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗauka. Wasu sukan ce araha ce, tunda ba sai ka sayi inji da janareto ba. A Amurka wataƙila haka ne. A Arewa ban yarda ba. Duk mutanen Tambuwal da Kebbe, da na Dogon Daji da Sanyinna da Kuchi, bayanansu ba za su cika kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ba. Araha kuwa, a tambayi wanda yake biyan haya da dala tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Abin da ya shigo da rumbun takardu Arewa rashin sabis ne.

Hujjata tana Kano. A 2009 aka kafa ƙungiyar eHealth Africa, kuma a Kano ta yi zamanta. Lokacin da Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yulin 2014, aikin da ya fi komai nauyi shi ne bin duk wanda ya taɓa majiyyaci, a auna zafin jikinsa kullum har kwana 21. Manhajar da ƙungiyar ta gina don wannan aiki, wadda daga baya aka kai irinta Laberiya da Saliyo da Gini, a kan CouchDB take, tare da ƙaninsa PouchDB da ke zama cikin waya. Ga hikimar: wayar ma'aikaci tana da nata cikakken rumbu. Ya rubuta ko da sabis ko babu. Duk sa'ar da ya samu sanda ɗaya ta sabis, wayar da gajimare su yi musayar abin da ya canja. Idan mutum biyu sun gyara takarda ɗaya a wurare dabam, ba a share na kowa, ana riƙe duka biyun har a tantance. Jadawali bai iya wannan cikin sauƙi ba, domin labarin mutum ɗaya a warwatse yake a jadawalai biyar, sai an tura su tare ko a lalata su tare. Ranar 20 ga Oktoban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Ba manhaja ce ta yi wannan ita kaɗai ba, likitoci da ma'aikatan jinya ne suka ba da rayukansu, amma ta rage jiran takarda.

Wanda yake ganin wannan tsohon labari ne ya tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Tambuwal, garin gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal. Duk tsarin da sai da intanet yake buɗewa ya mutu a makonnin nan. Mata kuwa ba su daina haihuwa ba, yara ba su daina buƙatar allura ba.

Rumbun dangantaka shi ne har yanzu ba mu ba shi haƙƙinsa ba, kuma abin yana damuna. A 2016 ƙungiyar 'yan jarida ta ICIJ ta yi amfani da Neo4j ta warware takardun Panama guda miliyan 11.5, ta gano wane kamfani ke bayan wane, Premium Times kuma ta bi sunayen 'yan Najeriya. Tambayoyinmu na karkara irin waɗannan ne. Gonar nan ta gado ce ko jingina ko aro, daga hannun wa ta fito, magada nawa suke da haƙƙi? Mutum nawa a jerin masu karɓar taki suke da lambar waya ɗaya? Alƙali a Kebbe da tsofaffin gari suna warware irin wannan da ka, ta bin zare daga kaka zuwa jika, kuma idan tsohon ya rasu zaren ya tsinke. Dole a faɗi haɗarinsa kuma: rumbun da ya san wa ke da alaƙa da wa, a ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, makami ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

Shi ya sa batun wurin ajiya ba ƙarami ba ne. Tun 2013 ƙa'idojin hukumar fasahar sadarwa ta NITDA suka ce bayanan gwamnati su zauna cikin Najeriya, a 2019 hukumar ta fitar da manufar da ke tura ma'aikatu zuwa gajimare, a Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Amma a nahiyarmu, manyan cibiyoyin da Microsoft ya buɗe a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024, duka a Afirka ta Kudu suke. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano. CouchDB da Neo4j duk suna da nau'in da ake saukewa kyauta, kuma za su zauna a injin Kano kamar yadda suke zama a na Kef Tawun. Abin da ya rage shi ne hayar ƙetare tana zuwa da masu gadinta, ta gida kuwa sai mun samar da wanda zai kwana a kai, ya riƙa ɗaukar kwafi, ya tashe ta idan ta faɗi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejojin Jihar Sakkwato su ne ya kamata su fara horar da waɗannan matasa, kuma ƙaramar hukumar da za ta sayi wani tsari ta sa a yarjejeniya cewa zai yi aiki ba sabis, kuma cikakken kwafinsa zai zauna a sakatariya.