Ƙasar fadama mai rairayi: Siffofinta, amfaninta da rauninta

A yankunan da damina ba ta wuce watanni uku zuwa huɗu, fadama ce ke riƙe manomi a sauran watannin shekara. Sai dai ba duk ƙasar fadama ce iri ɗaya ba. Akwai baƙar laka mai nauyi da ke tsattsagewa da rani, akwai kuma ƙasa mai sauƙi wadda rairayi ya fi yawa a cikinta, amma da ɗan yumɓun da ke haɗa ta. Wannan ta biyun ita ce ke ɗauke da akasarin lambunan albasa da tumatir da tattasai a bakin kogunan Haɗeja da Jama'are da Rima. Tana da daɗin aiki, amma ba ta ajiye ruwa da taki na dogon lokaci, kuma a kan wannan hali nata ne ribar manomi ko asararsa ta rataya.

Abin da ta ƙunsa

Masana kimiyyar ƙasa suna rarrabe ƙasa ne bisa girman ƙwayoyinta. Rairayi shi ne mai kauri, daga milimita 0.05 zuwa milimita 2. Lallausar ƙasa mai kama da gari tana tsakanin milimita 0.002 da 0.05, duk abin da ya gaza haka kuwa yumɓu ne. A ma'aunin Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da dama, irin wannan ƙasa tana da rairayi kashi 43 zuwa 85 cikin 100, yumɓunta kuma ba ya wuce kashi 20.

Manomi na iya gane ta ba tare da ɗakin gwaji ba. Idan ya jiƙa ta kaɗan ya dunƙula, za ta dunƙulu amma ta wargaje da ɗan matsi. Idan ya murza ta tsakanin yatsu zai ji ƙaiƙayin yashi, in kuma ya yi ƙoƙarin miƙar da ita kamar zare, za ta katse kafin ta kai tsawon santimita biyu da rabi.

Yadda kogi ke gina ta

Wannan ƙasa ba daga dutsen da ke ƙarƙashinta ta samo asali ba, ruwa ne ya kawo ta. Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar kogunan Kano da Challawa, Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Sukan ratsa tsakanin tsofaffin jigayin yashi, su haɗu a kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke nufar Tafkin Chadi. Idan kogi ya cika ya tumbatsa, ƙarfin ruwan yakan ragu da zarar ya haye gaɓa, sai ya fara sauke kaya mafi nauyi, wato rairayi. Yumɓu, da yake ba shi da nauyi, sai ya yi nisa kafin ya kwanta a kwari inda ruwa ke daɗewa.

Shi ya sa a fadama guda ake samun ƙasa mai rairayi a ɗan tudun da ke bakin kogi, laka kuma a can ciki. Wanda ya haƙa rami zai ga ƙasar hawa-hawa, kowane hawa shaidar wata ambaliya ce da ta wuce. A ƙasa-ƙasa kuma akan ga ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa a cikin ƙasa mai ruwan toka, alamar iyakar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke hawa da sauka.

Halinta da ruwa

Ruwa na shiga cikinta da sauri. Alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa tana shanye milimita 20 zuwa 30 na ruwa a awa guda, alhali yumɓu ba ya wuce milimita 1 zuwa 5. Saboda haka ba ta cika kwantar da ruwa har saiwa ta ruɓe ba, kuma ana iya shiga gona jim kaɗan bayan ruwan sama.

Ta ɓangaren ajiya kuwa, a zurfin mita ɗaya tana riƙe wa shuka kimanin milimita 110 zuwa 150 na ruwa. Albasa, wadda saiwarta ba ta nisa, ƙaramin kaso ne kawai na wannan ruwa take kaiwa gare shi. Don haka ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi amfani fiye da malala ruwa mai yawa lokaci guda, domin rarar tana wucewa ƙasa ne kawai, kuɗin man injin kuma ya tafi a banza. Abin da ke taimakon manomi shi ne ruwan ƙarƙashin fadama yana kusa. A da da jigo ake ɗebo shi, amma tun daga shekarun 1980 ƙananan rijiyoyin bututu da injinan ban-ruwa suka yaɗu, shirin bunƙasa fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 kuma ya ƙara musu yawa.

Halinta da taki

Yumɓu da ruɓaɓɓen ganye ne ke riƙe abincin shuka a cikin ƙasa, wannan ƙasa kuwa duka biyun kaɗan gare ta. Zafin yankin yana sa ganye da kashin dabbobi su narke da wuri, kuma akan kwashe kara da harawa domin dabbobi. Sinadarin nitirojin ne ya fi saurin zurarewa. Manomin da ya zuba buhun yuriya gaba ɗaya sannan ya sake ruwa mai yawa, tamkar ya ɗebi ruwa ne da kwando. Malaman gona na ba da shawarar a raba takin zamani kashi biyu ko uku, a binne shi kusa da shuka, a kuma riƙa zuba takin gargajiya kowace shekara domin ƙara wa ƙasar ƙarfin riƙo.

Amfanin gonar da ya dace da ita

Albasa da karas da dankali da gyaɗa suna jin daɗinta domin saiwa da 'ya'ya na samun wurin buɗewa, girbi kuma ba ya wahala. Kankana da tumatir da tattasai da masara ma suna yi sosai. Shinkafar da ke son tsayayyen ruwa ta fi dacewa da lakar kwari, domin a nan ruwan ba ya zama. Akwai kuma ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu, waɗanda suka fi yaɗuwa a ƙasa mai yashi, shi ya sa ake sauya shuka da hatsi maimakon maimaita tumatir a wuri ɗaya.

Barazanar da take fuskanta

Ta farko ita ce raguwar ambaliyar da ke sabunta ta. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke isa dausayin Haɗeja da Nguru, kamar yadda madatsar Bakolori ta yi a Kogin Sakkwato daga 1978. Wasu fadamun sun daina samun sabuwar laka, wasu kuma ruwa ya zauna musu duk shekara har ciyawar kachala ta toshe magudanai.

Ta biyu ita ce gishiri da kanwa. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso sama, rana na tsotse shi ta bar farin ɓawo a doron ƙasa, shuka ta tsumbure. Sa'ar da aka yi ita ce wannan ƙasa ta fi laka sauƙin wankewa, muddin akwai magudanar da za ta fitar da ruwan. Ta uku kuwa zaizaya ce: iskar hunturu na kwashe samanta idan an bar ta tsirara, kogi kuma na cin gaɓarsa inda aka sare itatuwa.

Ƙasar fadama mai rairayi da abin da kogi ya kawo mata take rayuwa. Inda kogin ya rage kawowa, nauyin ciyar da ita ya koma kan mai gona, ta hanyar takin gargajiya da ban-ruwa bisa ƙima da buɗe magudanai da barin itatuwa a bakin gaɓa.