Bell Labs: Cibiyar da Frank Jewett Ya Aza Harsashinta

A farkon ƙarni na ashirin, babban ciwon kan kamfanin tarho na AT&T a Amurka shi ne murya ba ta jure doguwar tafiya a cikin waya. A 1911 layi ya kai daga New York zuwa Denver, amma da ƙyar ake jin mai magana, ko da yana ɗaga murya. Ga shi kuma shugabannin kamfanin sun riga sun yi alkawarin kai layi San Francisco kafin babban bajekolin 1915.

Cikin waɗanda nauyin ya hau kansu akwai Frank B. Jewett, wanda ya yi digirin digirgir a fannin fiziks a Jami'ar Chicago a 1902, ya ɗan koyar a MIT, sannan ya kama aiki da AT&T a 1904. Jewett ya gane cewa ƙara kaurin waya ba zai kai su gaci ba. Sai ya nemi abokinsa Robert Millikan ya turo masa matasan da suka san halin ƙwayar lantarki. Millikan ya turo Harold Arnold. Arnold ya ɗauki wata kwalbar lantarki da Lee de Forest ya ƙirƙiro, ya zuƙe iskar cikinta sosai, ta zama na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi a kan hanya. Ranar 25 ga Janairu, 1915, Alexander Graham Bell yana New York ya yi magana da tsohon mataimakinsa Thomas Watson a San Francisco.

Wannan nasara ce ta gamsar da masu kamfanin cewa kuɗin da aka kashe a kan masana kimiyya ba asara ba ne. A 1925 aka haɗe sassan bincike na AT&T da na reshensa Western Electric, aka kafa Bell Telephone Laboratories a wani gini da ke titin West Street a New York, aka ba Jewett shugabanci. Ya riƙe kujerar har 1940.

Abin da ya fi burge ni game da cibiyar shi ne haƙurinta. AT&T a lokacin ba shi da abokin hamayya na kirki, kuɗi na shigowa daga masu tarho kowane wata, don haka ana iya barin mutum ya shekara yana bin tambayar da ba a ga ribarta ba tukuna. An sa Karl Jansky ya gano tushen wani ƙugi da ke damun sadarwar rediyo, sai ya iske wani ɓangarensa daga tsakiyar gungun taurarinmu yake zuwa. Nan ilimin sauraren sararin samaniya ya faro. Clinton Davisson kuwa ya kawo wa cibiyar lambar Nobel ta farko a 1937.

A farkon shekarun 1940 aka fara komawa Murray Hill da ke jihar New Jersey. Mervin Kelly, wani ɗalibin Millikan, ya dage cewa mai lissafi da mai ƙira su zauna kusa da juna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kafa rukunin da zai nemo abin da zai maye gurbin kwalbar nan, domin tana zafi, tana shan wuta, tana kuma ƙonewa. A Disambar 1947 John Bardeen, wanda ya karanta injiniyancin lantarki kafin ya koma fiziks, da Walter Brattain suka haɗa taransista ta farko da ƙarfen jamaniyam. Shugabansu William Shockley bai ji daɗin yadda aka yi abin ba da hannunsa ba. Ya keɓe kansa ya fito da wani samfuri da ya fi ƙwari. Zaman ya yi tsami, Bardeen ya tafi Jami'ar Illinois a 1951. Duk da haka su ukun suka raba Nobel ta 1956, Bardeen kuma ya sake samun wata a 1972.

Cibiyar ba ta ƙanƙame wannan fasaha ba. Ta ba da lasisi a kan dala 25,000, kuma cikin masu saye har da ƙaramin kamfanin Japan da ya zama Sony. Rediyo mai batir da ya shiga rugage da kasuwannin ƙasar Hausa, daga wannan zuriya ya fito. Sauran abubuwa suka biyo baya: nazarin Claude Shannon kan isar da saƙo a 1948, farantin sola a 1954, tauraron ɗan'adam Telstar a 1962, manhajar Unix a 1969.

A 1984 aka wargaza AT&T sakamakon ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar kan babakere. Masu tarho sun sami sauƙin farashin kiran nesa, wannan gaskiya ne, amma rijiyar da ke shayar da dogon bincike ta fara ƙafewa, kuma a ganina ba a samu madadinta ba. Cibiyar ta koma hannun Lucent a 1996, sai Alcatel-Lucent a 2006. Tun 2016 tana ƙarƙashin Nokia na ƙasar Finland.