Wakilin Hoto a Tarihin Sana'ar Tace Fim

Tun da daɗewa a tarihin haɗa majigi, ma'abota wannan sana'a suka yi ittifaƙi a kan ƙa'ida guda, watau ba a sa almakashi a jikin asali sai shawara ta ƙare. Abin da ke fitowa daga kyamara a wancan lokaci shi ne uwar fim, wadda haske da duhu suke a juye cikinta, kuma da yake ita kaɗai ce tilo, in ta karce ko ta tsage babu mai mayar da ita, sai aka riƙa buga kwafi mai araha daga jikinta a miƙa wa mai tacewa, ita kuwa a killace ta a ma'aji, kamar yadda malami ke hana aron uwar littafinsa ya ba ɗalibai abin da magatakarda ya kwafa.

A kan wannan kwafi mai tacewa yake cin karensa ba babbaka: ya yanka, ya liƙa, ya ɓamɓare, ya zana alama da fensirin maiƙo, yana dubawa a na'urar Moviola wadda Iwan Serrurier ya fitar a Amurka cikin 1924, har kwafin ya yi dauɗa ya cika da tabo, ba wanda ya damu. Abin da ya sa wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza shi ne lambobin da masana'anta ke bugawa a gefen uwar fim, lamba guda a kowace ƙafa, watau bayan kowane hoto 16 a fim mai faɗin milimita 35, waɗanda suke bayyana a jikin kwafin ma. Idan an gama, sai wani gwani dabam, da farin safar hannu, ya bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya ya yanka asalin daidai wa daida. A ganina a nan hikimar sana'ar duka take, domin ba a taɓa neman kyau daga wakili, watau wannan kwafi, ba, amana aka nema.

Da bidiyo ya zo al'amari ya rikice na ɗan lokaci. Faifan da kamfanin Ampex ya fitar a 1956, mai faɗin inci biyu, ba a ganin hoto a jikinsa da ido, amma duk da haka da reza ake yanka shi, asalin kansa, bisa tsananin hatsari. Sauƙi ya samu bayan kamfanin EECO ya kawo lambar lokaci a 1967, wadda ta ba kowane hoto suna na awa da minti da sakan da adadinsa cikin sakan ɗin. A 1971 gidan talabijin na CBS da kamfanin Memorex suka haɗa hannu suka fitar da CMX 600, na'ura mai ɗan karen tsada, wadda hotonta baƙi da fari ne mai rauni, kuma abin da take haifarwa a ƙarshe jerin lambobi ne kurum na inda za a shiga da inda za a fita, wanda ake kai wa manyan injuna su harhaɗa asalin. Galibin masu tacewa ba su da halin mallakarta, sai suka yi irin wannan aiki da kaset ɗin U-matic na Sony. Na'urar tacewa ta kamfanin Avid ta 1989, wadda aka ɗora a kan kwamfutar Macintosh, ta gaji wannan tarbiyya, hotonta dishi-dishi ƙwarai, amma da zuriyarta Walter Murch ya tace fim ɗin The English Patient na 1996, ya karɓi kyautar Oscar a kansa.

Mas'alar da ke gaban mai tacewa a yau, ko a Landan yake ko a wani ɗan shago a Kano, ita ce wane irin fayil zai naɗa wakili, tun da kyamarori sun koma ɗaukar hoton 4K da abin da ya fi haka, alhali kwamfutarsa ba ta da ƙarfin juya shi. Da yawa sukan ruɗu da ƙanƙantar fayil su zaɓi H.264, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 2003 domin aika hoto da kallonsa. Illarsa kuwa ita ce ba ya ajiye kowane hoto cikakke, yakan ajiye guda ya bi shi da bambance-bambance kawai, ta yadda duk sa'ad da mai tacewa ya ja baya ko ya tsallaka gaba, wajibi ne kwamfuta ta koma ta lissafo hoton daga maƙwabtansa, sai ta riƙa sarƙewa. Saɓanin haka, Avid ta samar da DNxHD, wanda ƙaraminsa ke cin megabit 36 a sakan, Apple kuma ta fitar da ProRes a 2007, ta ƙara masa nau'in wakili a 2009 mai cin kimanin megabit 45, dukansu suna ajiye kowane hoto da cikar kansa. Sun fi cin wuri, haƙiƙa, kuma wanda ma'ajinsa ƙarami ne yana da uzuri idan ya rage faɗin hoton zuwa rabi ko rubu'i, domin wannan bai taɓa lalata aiki ba.

Abin da ba shi da uzuri shi ne saɓa wa asali a cikin lissafi. Lalle ne wakili ya ɗauki sunan asalinsa, da lambar lokacinsa, da adadin hotunansa a sakan, ko 24 ne ko 25, da yawan layukan sautinsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya faɗi, ranar da aka zo mayar da aiki kan asali sai a tarar yanka ya goce, magana ta riga leɓe, mai tacewa kuma ya zauna yana gyara mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da hannunsa.