Daga ina 18-55 ya samo asali? Tarihin lens ɗin da ke zuwa da kyamara

1/ Duk wanda ya sayi kyamarar DSLR ta masu koyo ya san wannan lambar: 18-55mm. Ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Tana da tarihi, kuma saninsa zai tsare maka kuɗinka ranar da za ka sayi lens na biyu. Ku biyo ni 🧵

2/ A zamanin fim na 35mm, kowane hoto faɗinsa 36mm ne, tsayinsa 24mm. Daga kusurwa zuwa kusurwa kusan 43mm. Lens mai tsawo kusa da haka shi ake ɗauka na daidai. Shi ya sa Leica ta 1925 ta fito da 50mm. Ba ya zum. In kana son abu ya matso, kai za ka taka ka matsa.

3/ A 1959 aka samu sauyi. Kamfanin Voigtländer na Jamus ya fitar da Zoomar 36-82mm f/2.8, zum na farko ga kyamarar hoto ta 35mm. Frank Back, haifaffen Biyana da ya koma Amurka, shi ya tsara shi. Ku lura: 50mm na nan a tsakiyarsa.

4/ Nikon ta biyo baya a 1963 da 43-86mm f/3.5. Ya yi kasuwa sosai, amma hotonsa bai da kaifi. Irinsa ne ya sa ƙwararru suka daɗe suna raina zum.

5/ Ƙira ta inganta, ra'ayi ya canza. Canon ta fitar da 28-70mm f/2.8L a 1993, sai 24-70mm f/2.8L a 2002. Har yau 24-70 ne abokin aikin masu hoton biki da 'yan jarida.

6/ Sai dijital ta zo da matsalarta. Babbar sensa tsada gare ta, don haka aka yi ƙarama, APS-C. Tana yanke gefen hoto: a Canon ka ninka lambar lens da 1.6, a Nikon da Sony 1.5.

7/ A 2003 Canon ta saki EOS 300D tare da 18-55mm a ƙasa da dala 1,000. Yi lissafi: 18 sau 1.6 kusan 29, 55 sau 1.6 kuwa 88. Wato tsohon zum na zamanin fim ne aka rage wa jiki don ƙaramar sensa.

8/ To ga inda ake asara. Ka ga ogan da kake koyo wajensa da 24-70, ka tara kuɗi ka ɗora shi kan ƙaramar Canon. 24 ɗin ya koma kamar 38mm. A ƙaramin falo, dangin amarya ba za su shiga hoto ɗaya ba.

9/ Abu na biyu, ƙofar haske. 18-55 yawanci f/3.5-5.6 ne: kana zum, haske na raguwa. f/2.8 na shigar da ninki huɗu na hasken f/5.6. Da dare a wajen dina, nan ne bambancin yake.

10/ Saboda haka, kafin ka biya, duba sensarka. In ƙarama ce, nemi 17-50mm ko 17-55mm f/2.8. In cikakkiya ce, 24-70mm f/2.8, ko 24-105mm f/4 in nisa ya fi maka muhimmanci. In da rana kake aiki a waje, 18-55 ɗinka ya wadatar, ka adana kuɗin.

Wanne kake amfani da shi? Mu ji 👇